Darar Fagge da wasan yaƙi na kwamfuta: inda suka haɗu da inda suka rabu

A hunturun farko da na yi a Hamburg, lokacin da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma, wani abokin aikina Bajamushe ya nuna mini wasan kwamfuta mai suna Combat Mission, kashin da aka gina a kan yaƙin Normandi na ƙasar Faransa a 1944, wanda kamfanin Battlefront ya fitar a 2011. Na karɓe shi da raini, domin na tashi a Fagge ina kallon dattawa suna buga dara a ƙofar gida bayan la'asar, har na ɗauka duk wanda ya iya dara ya gama da sha'anin dabara. Karawata ta farko ba ta yi nisa ba. Na tura sojojin ƙasa su ratsa wata gona a fili, sai wata mashinga da ban ga inda take ba ta buɗe musu wuta daga bayan shinge, waɗanda suka tsira kuma suka kwanta rub da ciki suka ƙi motsi, duk yadda na danna linzami.

Tsarin wasan shi ne kowane ɓangare ya ba sojojinsa umarni a ɓoye, sannan kwamfuta ta gudanar da daƙiƙa sittin na faɗa a lokaci guda, kai kuwa ka naɗe hannu ka zuba ido, babu damar gyara kuskure sai mintin ya cika. A nan dara ta fara yaudarata. A dara gurabe talatin ne a gabanka, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, kana ganin na abokin karawarka kamar yadda yake ganin naka, kuma ba a taɓa jin tsinke ya ce tsoro ya kama shi ba. A wannan wasa kuwa, ba ka ganin komai sai abin da idon sojanka ya gani, kuma sojan yana firgita, yana gajiya, harsashinsa yana ƙarewa, idan sajensa ya faɗi yana iya juyawa ya ranta a na kare.

Na ɗauki makonni kafin na gane cewa taswirar da ake kallo daga sama ba ta faɗar gaskiya. Sai ka sauko da kyamara daidai tsayin idon mutum sannan za ka ga cewa ɗan tudun da ka raina ya tare rabin filin, kuma shingayen Normandi, waɗanda ganuwar ƙasa ce da itatuwa suka tsiro a kanta, sun mai da kowace gona ƙaramar badala. Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne cewa yawancin harsasan da ake harbawa ba don kisa ake harba su ba. Ana yi ne don a danne kan abokin gaba ya kasa ɗagowa, ta yadda wani rukuni zai samu ya zagaya ta gefe. Mashingar Jamus ta MG42 tana fitar da harsashi kusan 1,200 a minti guda, saboda haka wanda ya tunkare ta bai danne ta ba, bai kuma jefa hayaƙi ba, ya kai mutanensa mahauta ne kawai. Tankar yaƙi ma, wadda sabon shiga ke ɗauka dodo ce, makauniya ce idan an rufe ƙofofinta, kuma soja guda ɗauke da Panzerfaust, wato makamin fasa tanka na Jamus da mutum ɗaya ke ɗauka, yana iya ƙone ta daga nisan mita talatin idan babu 'yan ƙasa da ke share mata hanya.

Duk da haka dara ba ta bar ni hannu rabbana ba. Duk wanda ya zauna kusa da gwanaye ya san cewa ana cin wasa ne tun a wajen zuba 'ya'ya, kafin a matsa ko ɗaya, kuma haka abin yake a nan wajen jera runduna kafin a fara harbi.

Inda nake ganin Kano ta fi nan nesa ba kusa ba shi ne hanyar koyo. A nan mutum yana koyo ne shi kaɗai a ɗaki, da littafin jagora mai kauri da bidiyon YouTube, idan ya yi kuskure babu mai yi masa dariya, saboda haka yana iya maimaita shi sau goma. A majalisar dara kuwa, kafin ka ɗaga hannu wani ya yi gyaran murya, wani ya ce "Kai yaro, duba hagunka", kuskuren da aka yi maka shewa a kansa kuwa ba ka sake shi. Abin mamaki, asalin waɗannan wasanni ya fi kama da majalisar. Kriegsspiel, wato wasan yaƙin da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin Furusiya (tsohuwar daular Jamusawa) a 1824, a kan tebur ake yin sa, hafsoshi sun kewaye taswira, ga alƙalin wasa yana yanke abin da kowane ɓangare ya gani. Kwamfuta ta maye gurbin alƙalin, amma ta kori 'yan kallo.

Ban ga laifin gidajen gem na Kano da ba su san komai ba sai ƙwallo. Mai shago yana ƙona fetur a janareta, yana karɓar kuɗi wasa-wasa, ba zai bar mutum biyu su riƙe masa kujera awa biyu suna tunanin yadda za su tsallake shinge ba. Kuɗin sayen wasan da dala ne, bayaninsa da Turanci, kuma akwai waɗanda, bayan hare-haren bama-baman da birnin ya gani a ranar 20 ga Janairun 2012, ba sa son jin an haɗa kalmar yaƙi da wasa, ni kuma ba na musu da su. Sai dai wasan yana gudana a kan tsohuwar laftof irin wadda ake samu a Titin Beirut, kuma ana iya buga shi ta hanyar aika fayil, kowa ya yi nasa zagayen lokacin da ya samu wuta da data.

Da haka na jawo ƙanena ciki. Na yi zaton zan yi wata shida ina cinye shi, ashe ba shi kaɗai nake karawa da shi ba. Yakan fito da laftof ɗin dakali bayan isha'i, abokansa huɗu ko biyar su kewaye shi suna gardama a kan kowane umarni, wani ya hana shi gaggawa, wani ya tuna masa da gefen da ya bari a buɗe. A karawarmu ta uku suka bar mini hanyar wani ƙauye kamar sun manta da ita, na cusa tankokin Sherman biyu, minti guda bai cika ba duka biyun suna ci da wuta. Saƙon da ya biyo bayan fayil ɗin gajere ne: "Yaya, dara ta ci gida." Yanzu muna zagaye na goma sha ɗaya a karawa ta huɗu, kuma yau kwana biyu ke nan ina jiran fayil ɗinsa, ya ce taransifomar unguwa ce ta lalace.