Kare muhalli a jihohin Amurka: a leƙa kasafi kafin a yi tafi

Duk ƙarshen shekara, ƙungiyoyin rajin kare muhalli a jihohin Amurka kan fitar da rahoton ayyukansu, inda suke lissafa ƙudirorin da suka mara wa baya a majalisar dokokin jiha, waɗanda suka tsallake da waɗanda aka binne a kwamiti. Lissafin yana da amfani, sai dai a ganina bai isa a auna shekara da shi ba, domin dokar da ba a ware mata kuɗi da ma'aikata ba, a kan takarda take tsufa.

Dalilin da ya sa idanu suka koma kan jihohi a bayyane yake. Shugaba Trump ya sanar da ficewar Amurka daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2017, Biden ya mayar da ƙasar a 2021, Trump ya sake ba da umarnin fita a 2025. A 2023 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Sackett, ta taƙaita ikon gwamnatin tarayya kan dausayi, lamarin da ya bar fadamu da yawa ba su da mai tsaronsu. Jihar Colorado ta cike giɓin da dokarta a 2024, kuma an yi murna. Amma ainihin aikin ya fara ne bayan sa hannun gwamna: rubuta ƙa'idojin ba da izini, zaman sauraron manoma da masu gine-gine, da ɗaukar jami'in da zai sa takalmin roba ya shiga cikin laka ya tabbatar ko an cike rafi da ƙasa. Wannan sashen ba ya jan hankalin 'yan jarida, nan ne kuma masu neman sassauci suke zaman dirshan.

Shi ya sa nake ganin darasin jihar Missouri ya fi kowanne nauyi. A 1976 masu zaɓe suka amince da ƙarin haraji kan sayayya, kashi ɗaya bisa takwas na senti a kowace dala, aka rubuta shi cikin tsarin mulkin jihar domin hukumar kula da dazuzzuka da namun daji. Gwamnoni sun zo sun wuce, kuɗin yana shiga, hukumar ba ta zuwa roƙon majalisa kowace shekara. Masu suka suna da hujja cewa irin wannan haraji ya fi cizon talaka, kuma hukumar da ba ta jiran majalisa tana iya raina masu sa ido. Duk da haka, dajin da ake reno shekara talatin ba zai jure kasafin da ke sauyawa da kowane zaɓe ba. Masu zaɓen New York ma sun gane haka a 2022, da suka amince jiharsu ta ciyo bashin dala biliyan 4.2 domin ayyukan muhalli.

Kotu ma hanya ce, kamar yadda matasa 16 suka nuna a jihar Montana a 2023, da suka yi nasara a ƙarar da suka kai gwamnatin jihar, suna dogaro da tsarin mulkin jihar na 1972 da ya ba kowa haƙƙin muhalli mai tsafta. Sai dai alƙali na iya soke doka, ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaci ko sayen motar sintiri, kuma waɗannan a kwamitin kasafi ake yanke su, sau da yawa a makonnin ƙarshe na zaman majalisa, lokacin da masu zanga-zanga suka riga suka watse.