'Ya'yana samari, gora da adda ba su ke tsare gida ba

Daren Talatar da ta wuce, da aka yi ihun ɓarawo a layinmu, na leƙo ta ƙofar zaure na ga samari sun fi ashirin, kowa da gora ko adda, kowa ya kunna fitilar waya, duk sun ɗunguma sun yi gabas inda ihun ya fito. Ko mutum ɗaya bai tsaya a layi ba. Gidaje a buɗe, mata da yara cirko-cirko a bakin ƙofa. Na ce a raina, da ihun nan tarko ne, da yanzu an kwashe yammacin layin tas. Allah ya taƙaita, akuya ce kawai aka ɗauke. Amma tun daren nake son in yi muku magana, ni da na shiga soja ta Defo na Zariya, na yi Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG ta kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Yamma, Allah ya dawo da ni gida da ƙafafuna.

Abin da yaƙi ya fara koya mini shi ne, mai kawo hari sai ya zo ya duba tukuna. Ranar 6 ga Janairun 1999 'yan tawaye suka afka wa Freetown, babban birnin Saliyo, ta gabashin gari, da duhun asuba. Amma ba a ranar suka fara shiga ba. Tun kafin nan wasunsu sun saje da 'yan gudun hijira sun shige, sun ga inda shingayen bincike suke, sun san lungunan. Ɓarawon unguwa ma haka yake yi, mai garkuwa da mutane ma haka. Ku tambayi mutanen Zamfara da Katsina abin da ya fi cin musu rai, za su ce muku infoma. Da ɗan gari akan ci gari.

To wa ke ba infoma labari? Sau da yawa ku ne. Baba ya sayar da shanu a kasuwa, kafin ya iso gida an ji kuɗin a majalisa. Yaya ya tafi Umara, ka ɗora hotonsa a filin jirgi a Facebook, ka sanar da duniya cewa gidansa mata da yara kaɗai suka rage. A bakin daga, ko wasiƙa za ka rubuta wa uwarka, ba ka faɗin inda kake ko ranar da za ku tashi. Ba don ana zargin tsohuwa ba, sai don magana in ta fita ba ta da linzami. Haka nan sabo: in kullum ƙarfe tara kake rufe shago, ka rataya jakar ciniki, ka bi lungu ɗaya, ka riga ka rubuta wa ɓarawo jadawali. Yau ka bi nan, gobe ka bi can, wani lokacin ka aika kuɗin banki ko POS tun da rana.

Kada ku ɗauki wannan ya zama lasisin far wa kowane baƙo. Kun ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyarsu ta zuwa Kano yin Sallah, bisa zargi kawai. Mun yi kuka da aka yi mana, kada mu yi wa wani. Baƙon ido in ya yi ta kai-komo, a yi masa sallama, a tambaye shi wa yake nema, a sanar da mai unguwa ko 'yan sanda. Mai leƙen asiri in ya gane an shaida fuskarsa, galibi ba ya dawowa.

Sai maganar sintiri, wadda ita ce ta fi damuna. Kuna taruwa a bakin mai shayi daga bayan isha'i, ana hira ana kallon waya, zuwa ƙarfe ɗaya kowa ya gaji ya tafi ya kwanta. Wato kun yi gadi a lokacin da gari ke ido biyu, kun tashi a lokacin da ɓarawo ke fitowa. Tsakanin ƙarfe biyu da kiran assalatu barci ya fi nauyi, shi ya sa a sansani ake tayar da kowa ya kama wurinsa kafin gari ya waye. Mai gadi kuma awa biyu yake yi a canje shi, mutum biyu-biyu, domin ido in ya wuce haka yana kallo ne ba ya gani. Ido yana bukatar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu sosai, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. Mai riƙe da tocila kuwa shi ake fara gani. Haske a waje ake sa shi, a bakin ƙofa da bayan katanga, mai tsaro ya zauna a inuwa. In an yi ihu a gabas, rabi su je, rabi su tsaya inda suke.

A cikin gida, hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim ya riga mu: in dare ya yi a rufe ƙofofi da sunan Allah, a kashe fitilu. Ni na ƙara da cewa mutum ɗaya za a ɗora wa rufe gida, don in aikin kowa ne ba mai yi. Janareto kada ya kwana a zaure ko kusa da taga. Ƙararsa na rufe motsin mai haura katanga, hayaƙinsa kuma na kashe mutane cikin barci.

In har abin ya zo, kuka ji harbi, ku kwanta ƙasa, ku ja jiki zuwa bayan bango mai kauri, nesa da taga. Ƙofar kwano da labule da ƙofar mota suna ɓoye mutum ne kawai, harsashi na ratsa su. Kada ku leƙa. Na ga mazaje da son gani ya kai su lahira. Kuma kai saurayi, in ɗan daba ya zare maka wuƙa don waya, miƙa masa. Mu da ke ɗauke da bindiga ma an koya mana ja da baya in wurin bai ba mu ba, ba wanda ya kira mu matsorata. In an sari wani, ka samu tsumma mai tsabta ka danne raunin da ƙarfi, kada ka ɗaga don dubawa, kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau daga saman raunin, a lura da lokacin da aka ɗaure, a yi asibiti.

Tambaya ɗaya nake son kowa ya kai gida yau. In wuta ta tashi ko aka tare ƙofar zaure, ta ina za ku fita? Mun bi tagogi duk mun dasa bagila, mun maida ɗakuna kurkuku. A bar taga ɗaya mai buɗewa, makullinta a rataye inda yaro ɗan shekara goma zai lalubo cikin duhu. A yanke gidan da za a haɗu in an watse, don kada uba ya koma cikin wuta neman ɗan da ya riga ya fita. Lambar gaggawa 112, da ta DPO, da ta mai unguwa, a rubuta su a takarda a manna a bango, domin waya ce farkon abin da ake ƙwacewa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaure. Shugaban 'yan sintiri ya zo da sunayen duk masu fita, mu raba awoyi, mu zaga layin da ƙafa mu ga inda duhu ya fi yawa. Kowa ya zo da usur, addunan a bar su a gida.