Ilimin jinyar tsofaffi na salwanta saboda ba ma rubuta shi

Shekara huɗu ƙanwata ta yi tana jinyar kakarmu a Gusau. Ita ta san in Inna ta ƙi kunun safe ba a ba ta ƙwayar maganin ciwon suga, domin sau biyu tana yanke jiki ta faɗi, gumi na keto mata. Ita ta san kumburin ƙafarta daga maganin hawan jini ne, likita ya duba ya ce a ci gaba. Ita ta san lokacin da ake juya ta a shimfiɗa don kada bayanta ya yi gyambo. Ranar da aka kai ta ɗakin miji a Ƙauran Namoda, duk wannan sani ya bi ta cikin motar amarya.

Ba a rufa wata biyu ba muka kwashi Inna ranga-ranga sai asibiti. Da ta farfaɗo, ma'aikaciyar jinya ta sunkuya ta ce, "Mama, wane magani kike sha?" Ta ce, "Farin nan ƙanƙane, ɗiyata. Jikata ce ta sani." Aka nemi katinta aka rasa, aka buɗe sabo kamar ranar aka fara ganinta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne. Amma in mai ɗakin ya tashi bai faɗa wa kowa ba, wanda ya gaje shi sai ruwa ya jiƙa shi kafin ya gane. Haka muke yi a gida, haka a asibiti in an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, haka a ƙungiyoyin taimakon gajiyayyu in sakatare ya sauka. Takardar rabon tallafi takan ɗauki suna da unguwa, ba ta cewa dattijon nan makaho ne, shi kaɗai yake kwana, ko ba ya iya tauna tsaba.

A matakin gwamnati an yi motsi. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashe na musamman don tsofaffi tun 2012. Sai dai mu nan tsoho a gida yake tsufa, kai shi gidan gajiyayyu abin kunya ne. Saboda haka ilimin yana hannun jikoki da matan 'ya'ya, kuma can ya kamata a je a tattaro shi.

Abin ya fi ciwo ga dattawan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Anka, Zurmi da Maradun. Maƙwabcin da ya san ciwonsu ya watse, sun iso birni ba kati, ba mai ba da labarinsu.

Shawarata ba ta da tsada. Kowane tsoho mai jinya ya sami littafi ɗaya da ke bin sa duk inda ya je: sunan magani, lokacin sha, abin da ya taɓa yi masa illa, ranar da ya faɗi. A rubuta har ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake sayowa a kemis, domin da yawansu suna taɓa ƙoda da ciki, suna ɗaga hawan jini, iyali kuwa ba sa lissafa su cikin magani. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar Zamfara za ta iya raba littafin tare da tallafinta, asibitoci kuma su riƙa tambayarsa.

Za a ce masu jinya da yawa ba su yi boko ba. To, akwai ajami, akwai saƙon murya a WhatsApp wanda ɗan makaranta zai kwafe. Za a ce sirrin tsoho ne. Wannan hujja ce mai nauyi, shi ya sa nake ganin littafin ya zauna a ɗakinsa, da izininsa ake buɗewa.

Da ƙanwata ta zo duba Inna, na zaunar da ita tana faɗa ina rubutawa, sai da muka cika shafi shida. Littafin yana nan cikin leda, rataye a ƙusa kusa da gadonta. Layin farko: kada a ba ta ƙwayar suga sai ta ci abinci.