Ka bari sai ka fara aske gemu

Ƙanena mai jifa a filin besbol, zo mu yi maganar hannun nan naka.

Na san daɗin jifan lanƙwasa. Ka murza wuyan hannu, ƙwallo ta taho kamar za ta daki mai sanda, sai ta zulle ƙasa, ya kai wa iska duka, 'yan kallo su kaure da ihu. Ɗan shekara 12 da ya ɗanɗana wannan, da wuya ya ƙara son miƙaƙƙen jifa. To amma ƙashinka bai gama ƙwari ba. A gefen gwiwar hannu ta ciki akwai guringuntsin da ƙashi ke girma daga gare shi, kuma nan fizgar jifa take sauka. An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai gwiwar hannu ba ice ba ce, tsagewa take yi. Shi ya sa Dakta James Andrews, wanda ya yi wa ɗimbin 'yan wasan Amurka tiyata, yakan ce kada yaro ya soma lanƙwasa sai ya fara aske gemu.

Ba zan ɓoye maka ba, laifin ba na lanƙwasa kaɗai ba ne. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Alabama a Amurka ta bi diddigin yara 481 tsawon shekara 10. Sakamakon da ta fitar a 2011 bai kama lanƙwasa da hujja ƙarara ba, yawan jifa ya kama: wanda ya yi jifa a zagayen wasa sama da 100 a shekara, haɗarin mummunan rauninsa ya kai ninki uku da rabi. Tun 2007 hukumar besbol ta yara, Little League, take ƙirga jifa. Ɗan shekara 11 zuwa 12 ba ya wuce 85 a rana, in ya kai 66 kuwa sai ya huta kwana 4. Ku kuma kun samo dabara, yi wa ƙungiya biyu wasa, kowane koci nasa kawai yake ƙirgawa. Wa kuke yi wa wayo?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa ai akwai tiyatar Tommy John, gyaran gwiwar hannu da aka sa wa sunan ɗan wasan da aka fara yi wa. E, a 1974 Dakta Frank Jobe ya ciro jijiya daga ɗaya hannun ɗan wasan, ya dasa masa a gwiwar hagu. Amma kakar 1975 gaba ɗaya a benci ta wuce shi, kuma shi magidanci ne da ya haura shekara 30. Har yau jinyar kan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba kuma kowa ke dawowa yadda yake ba.

Ka fara ƙwarewa a miƙaƙƙen jifa da sassauta gudun ƙwallo, sun ishe ka rikita sa'anninka. Ranar da ka ji gwiwar na zafi ta ciki, ko ƙaramin yatsa na tsira-tsira, ko ƙwallo ta fara tashi sama ba da sonka ba, ɗaga wa koci hannu ka miƙa masa ƙwallon, ko da saura mutum ɗaya a tashi wasa.