Kwaɗon da Auta ya tsinko mana

Ranar da uwar mijina ta aiko cewa za ta zo daga Maradun ta kwana a wajenmu a Talatar Mafara, na san abin da zan tarbe ta da shi. Inna ba ruwanta da shinkafa da kaza, a ba ta kwaɗon tafasa da kunu mai zafi ta yi ta sa albarka har ta koma. Ga shi tsakiyar damina, tafasa ta rufe bakin hanya da burtali, don dabbobi ba su cika kula ta tana ɗanya ba. Sai dai mura ta kama ni, hanci a toshe, baki ba ya bambance zuma da maɗaci.

Auta, ƙanin maigida, yana gida hutun makaranta. Na ce, "Mijina na wasa, taimaka ka tsinko mini tafasa a bayan gari." Ya ce ai shi ilimin tsirrai yake karantawa, kada in raina masa hankali. Duk da haka na yi masa bayani. Ganyen tafasa shida ne a kan kowane sili, biyu-biyu suna fuskantar juna, kansu a zagaye ba tsini, na can ƙarshe sun fi faɗi. Furenta rawaya, ɗanta siriri dogo a lanƙwashe kamar lauje. A tsinki toho na sama mai laushi, wanda bai kai ga fure ba, domin tsohon ganye tauri gare shi da ɗaci. Yana ta danna waya yana cewa "to, to".

Bai fita ba sai da almuru, lokacin da tafasa ke naɗe ganyenta ta yi barci. Ya iske wata a gefen juji, doguwa har ƙugu, ba sai an duƙa ba, ita ma da furenta rawaya. Ya cika rabin buhun da ita, ya ƙarasa da tafasar gaske a hanyar dawowa. Rai-ɗore ce. Dangin juna ne, amma ganyen rai-ɗore yakan kai takwas ko goma a sili, mai tsini a baki, ɗanta a baje yake, warinta kuma ko daga nesa mai lafiyayyen hanci zai ji. Magani ce, ana dafa ta a yi sirace ko wanka saboda zazzaɓi, kuma tana sakin ciki ba da wasa ba. 'Ya'yanta ma suna yi wa dabbobi illa in sun ci da yawa.

Aka ɗauke wuta, ina tsakar gida ina dakan ƙuli-ƙuli. Auta, wanda bai taɓa ɗauke ko cokali a gidan nan ba, ranar ladabi ya motsa masa: ya zage ganyen daga sili, ya wanke, ya zuba a tukunya da kansa.

Ni dai aikina ban rage komai ba. Ruwa ya tafasa kafin ganye ya shiga, na jefa kanwa 'yar ƙanƙanuwa, don in ta yi yawa ganyen caɓewa yake ya yi santsi. Da ya yi laushi na tsiyaye ruwan farko, na ɗauraye da ruwan sanyi, na matse tamau, kwano guda ya koma dunƙule biyu. Wanda bai matse ba ruwa ne zai kwanta masa a ƙasan kwano, ƙulin ya tsinke. Na zuba ƙuli kamar kashi ɗaya cikin uku na ganyen, da barkono, gishiri, albasa, tumatir da cokali biyu na man gyaɗa, na cuɗa da hannu.

Maigida aka fara kai wa. Ya kai loma, ya yi shiru, ya dubi fitila. Na ce, "Malam, ya yi?" Ya ce, "Madalla." Saboda kara, kuma ga mahaifiyarsa a gida, bawan Allah ya share kwanon tas. Auta ya ci nasa yana cewa tafasar bana ƙarfi gare ta, alamar sinadarai ne.

Inna ko lomar ba ta kai baki ba. Ta sunsuna, ta ajiye, ta ce, "Ɗiyata, wa ad da zazzaɓi cikin gidan ga?" Na ce ni ce mai mura. Ta ce, "To ke aka yi wa magani, mu mi munka yi?" Ta sa aka kawo ragowar silin daga kwandon shara, ta haska tocila tana ƙirga wa ɗan jami'a ganye ɗaya-ɗaya.

Wajen ƙarfe biyun dare aka fara zirga-zirga. Buta ɗaya ce a bakin makewayi, wa da ƙani suna yi wa juna sallama a ƙofa, babu mai cewa komai sai "ka gama?" Malam bai samu jam'in Asuba ba, liman har ya aiko a duba lafiya.

Da safe Inna ta leƙa ɗakin Auta, yana kwance yana shan ruwan gishiri da sukari. Ta ce in ya samu ƙarfi ya koma jujin nan ya cika mata buhu, za ta tafi da shi Maradun saboda sirace, tunda Allah ya ba shi ido a kan rai-ɗore. Tafasa kuwa ta ce a aiki Hajara mai shekara bakwai.