Fezant: tsuntsun da ake kiwo don a harbe shi

Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan Ingila da kaka ya san fezant, ko bai san sunansa ba. Ɗan uwan fakara ne da dawisu, namijin jan fuska da koren kai ga dogon bindi, wasu da farin zobe a wuya kamar an saka masu sarƙa, macen kuwa ruwan ƙasa ce ba ruwanta da ado. Har lambun bayan gida yake shigowa ya tsinci tsabar da aka zuba wa ƙananan tsuntsaye, masu gida suna murna wai daji ya kawo masu ziyara.

To ni dai wannan murnar ce take damuna, don yawancinsu ba daji ne ya haife su ba. Asalinsa tsuntsun Asiya ne, sunan ma daga kogin Fasis na ƙasar Jojiya ya samo, shigo da shi Birtaniya aka yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Yanzu kuma a keji ake ƙyanƙyashe su kamar kajin gona, wasu ƙwan daga Faransa ake sayowa, sai a sake sama da miliyan 30 duk shekara saboda kawai masu kuɗi su samu abin harbi daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu, ana biyan wasu su koro tsuntsayen su tashi sama su kuma suna tsaye da bindiga suna jira. Wannan fa ba farauta bace wallahi.

Kuma ko rabi ba a harbewa. Sauran mota ta take a titi, yanyawa ta cinye, ga ƙadangaru da ƙananan macizai da fezant ɗin ke cinyewa, ga harsashin dalma da ke zuba a ƙasa.

Na san akwai masu cin abinci da harkar, masu gadin daji da masu koro, kuma saboda ita ake barin wasu kurmi ba a sare ba, wannan gaskiya ne ban musa ba. Shi ya sa ban ce a hana ba. Tun 2021 sai da lasisi ake sakin su kusa da wuraren da aka killace don kare halittun daji a Ingila, to a faɗaɗa shi ko'ina, a ƙayyade adadin da kowace gona za ta saka, kuma wanda ya saki tsuntsu ya rubuta nawa ya saka, nawa ya harba.