Gilashin da ya fi tsada ba lallai ya dace da mai hawan jinin ido ba

Ana yawan cewa idan za a yi wa mutum aikin yanar ido, gara ya zaɓi gilashin da ake dasawa a cikin ido mai nuna nesa da kusa a lokaci guda, don ya rabu da tabarau gaba ɗaya. Zancen yana da tushe. Bayan shekara 40 ido kan rage iya karanta abu na kusa, kuma wannan gilashi ya taimaki mutane da yawa.

Sai dai ga mai hawan jinin ido, wato gilakoma, lamarin daban ne. Gilashin yana raba hasken da ke shiga ido, wani kaso na nesa, wani na kusa, don haka bambancin haske da duhu kan ɗan dusashe. Ita kuwa gilakoma tuni ta fara cin jijiyar gani, kuma irin wannan bambancin na cikin abin da take ragewa. An tara rauni biyu ke nan. Mai tuƙi da dare, misali, zai iya ganin zobba kewaye da fitilun motoci, gefen titi kuma ya yi masa hazo.

Shi ya sa idan cutar ta yi nisa likitoci suka fi zaɓar gilashi mai nuna nesa kaɗai, a riƙa sa tabarau wajen karatu. Wanda cutarsa ke matakin farko kuma ba ta ƙaruwa, akan duba yiwuwar gilashi mai faɗaɗa zangon gani, wato mai nuna nesa da matsakaicin nisa, bayan gwajin faɗin gani da hoton jijiya.

Aikin cire yanar ido yakan ɗan sauke matsin ido, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, kuma ba a barin maganin ɗigawa sai da izinin likita.